Yatsun Sitaci

Sunansa na yanka yana nan a takardar haihuwa, amma in ka shigo layin ka yi tambaya da shi, ba wanda zai nuna maka ƙofa. Sitaci kowa ya sani. Shagonsa ɗaki ɗaya ne tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani. A ciki akwai teburin guga mai faɗi, an shimfiɗa masa bargo biyu da farin yadi, a baya kuma baho uku da igiyoyin shanya huɗu, daga taga zuwa katanga. Shekara arba'in da shida yana wanki da guga. Ya koyi sana'ar ne a ɗakin wanki na wata makarantar kwana, a zamanin da ake jera ɗalibai kowace safiyar Litinin a duba kwala da farce, wanda aka ga karin wandonsa ya rabu biyu kuwa, ranar ba zai ji daɗin karin kumallo ba. Makarantar yanzu ta zama ma'ajiyar siminti. Shi dai bai sauya ko ɗaya daga abin da aka koya masa a can ba.

'Ya ɗaya Allah ya bar musu shi da matarsa. Ta yi karatun jinya, ta samu gurbin ƙaro ilimi a wani babban birni na Asiya, can bakin teku. Da ta gama, asibitin da ta koyi aiki suka riƙe ta, ta yi aure a can. Tun daga lokacin ake ce wa 'yar Nas, matar Sitaci kuma Maman Nas. Shekara tara ke nan ba su ga fuskar 'yarsu ba sai a gilashin waya.

Wata safiya da ƙarfe tara da rabi, yana tsaka da murza wuyan riga, Maman Nas ta shigo shagon da waya a hannu, ko mayafi ba ta gyara ba. Nas ce. Cikin da take ɗauke da shi tagwaye ne, kuma likitoci sun ce ba za a bar ta ta haihu da kanta ba, an sa ranar tiyata, ashirin ga watan gobe. Mijinta ya saya musu tikiti na ranar sha biyar. Su dai su yi fasfo su turo lamba, sauran takardun shiga ƙasar daga can za a yi.

"Uwarki ta je mana," in ji Sitaci. "Ni me zan yi a ɗakin haihuwa? Wa zai riƙe mini shago?"

Ta cikin wayar yana jin ƙarar ruwan sama da ke zuba a can, inda yamma ta riga ta yi.

"Baba, tsoro nake ji," in ji ta.

Yarinyar da aka cire wa haƙori ba ta yi kuka ba, wadda ta hau jirgi ita kaɗai tana da shekara ashirin da ɗaya ko waiwaye ba ta yi ba, yau ita ce take cewa tsoro take ji. Sitaci ya goge kumfar hannunsa a jikin wando ya ce, "To, ga mu nan zuwa."

Shiri ya kankama. Maman Nas ta so ta sayo rigunan sanyi, domin duk wanda ta sani ya je ƙasar waje da su ya tafi, sai da Nas ta yi ta rantsuwa cewa garin bai san sanyi ba. Zafi ne mai danƙo tun safe, in ka yi wanka kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Kusan kullum da la'asar sai sama ta yi baƙi ta zubar da ruwa kamar da bakin tulu, bayan awa ɗaya rana ta fito kamar ba ita ba. Su zo da kaya marasa nauyi, na auduga, da laima, da takalmin da ba ya santsi.

"To wanki fa?" in ji Sitaci. "Awa nawa riga take yi kafin ta bushe?"

"Wani lokaci kwana biyu, Baba. A bene na goma sha huɗu muke. Ana zura kayan a sandar gora a miƙa ta waje ta taga."

Wannan magana ta daɗe tana damun sa. Ya yi ta hasko farar riga tana reto a saman bene goma sha huɗu, ba abin matse ta, ba mai tsaro, ga hadari yana tasowa. Ya sa dutsen gugarsa na gawayi a akwati, Maman Nas ta ɗora akwatin a kan ma'aunin mai kantin magani, ta fitar da dutsen.

Ranar Talata suka je ofishin fasfo. Sun isa ƙarfe bakwai saura kwata, aka ba su lamba talatin da ɗaya da talatin da biyu. Ɗakin dogo ne, da kujerun ƙarfe a haɗe da juna, da fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. A ƙarshensa wata ma'aikaciya mai tabarau tana zaune a bayan kwamfuta, gefenta wani ɗan akwati mai gilashi a sama. Maman Nas ta ɗora yatsunta ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai fitila ta yi kore. Ko minti biyu ba a yi ba aka gama da ita.

Sitaci ya ɗora manuniyarsa ta dama. Fitila ta yi ja. Ya ɗora ta tsakiya, ja. Ma'aikaciyar ta goge gilashin da ƙyalle, aka sake daga farko, yatsu goma, ba wanda na'urar ta karɓa.

"Baba, mu ga hannun."

Ya miƙa mata. Ta juya tafin, ta matso da shi kusa da tabarau. Kan yatsun sumul suke kamar bayan cokali, suna ƙyalli, ba ko layi ɗaya.

"Wace sana'a kake yi?"

"Wanki da guga, 'yata."

"Shi ya sa. Sabulu da bilic da zafin dutse sun cinye zanen." Ta ɗauki biro ta yi rubutu a bayan fom ɗinsa. "Ka dawo bayan kwana goma sha huɗu. Kar ka taɓa ruwan sabulu, kar ka taɓa abu mai zafi, ka riƙa shafa mai safe da yamma. Wani lokaci zanen yana dawowa kaɗan. Yatsu huɗu nake bukata, ko daga wane hannu ne."

"In bai dawo ba fa?"

"Sai mu tura takardarka babban ofishi, kwamiti ya duba. Wata biyu, wata uku."

Sitaci mutum ne mai lissafin kwanaki, domin a sana'arsa wanda ka ce wa Alhamis, Alhamis zai zo. Tun kafin su kai bakin titi ya gama ƙirgawa. Kwana goma sha huɗu na hutu, kwana goma kafin fasfo ya fito, sai 'yan kwanakin da Nas za ta yi takardu. Babu wurin gwaji na uku. In na'urar ta ƙi shi a karo na biyu, Maman Nas za ta hau jirgi ita kaɗai.

Suka sayi babban gwangwanin basilin. Maman Nas ta lafta masa shi a yatsu, ta zura kowane hannu a cikin farar safa, ta ɗaure da zare a wuyan hannu. Haka ya zauna a kan benci a ƙofar shago washegari, hannu biyu a kan gwiwa. Mai agogo ya leƙo ya dube shi sama da ƙasa.

"Yaushe ne damben? A saya mana tikitin gaba."

"Kai dai ka ji da agogunan mutane da ka kashe."

"Ni ko gwamnati ta san da ni. Kai an duba an ce babu kai."

Aka yi dariya, har da shi. Amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya wanke rigunan alƙalai da malamai da angwaye, wasu ma har 'ya'yansu da jikokinsu, ga shi ɗan akwatin gilashi ya ce bai san da shi ba.

Aikin shago ya koma hannun Maman Nas. Mace ce mai tsabta, ta riƙe gida shekara arba'in ba a taɓa ganin datti a labulenta ba, amma wankin gida daban, na kuɗi daban. Sitaci yana daga benci yana ba da umarni ta taga.

"Ruwan ya yi yawa a sitacin nan."

"Ka gani daga can?"

"Ina jin ƙararsa in kin juya."

"To Malam, ko ka zo ka karɓa, ko ka bar kunnenka ya huta tare da hannun."

Kowace safiya kafin a sa safa, sai ya ari gilashin mai agogo, wanda ake maƙalawa a ido, ya fita rana ya duba yatsunsa. Kwana uku ba komai. A na biyar fatar ta yi laushi, ta fara saɓa. A na bakwai ya ga wasu layuka siri-siri a kan manuniyar dama da ta tsakiya, kamar sawun tururuwa a yashi. Ya kira Maman Nas ta gani, ta ce ita ba ta ga komai ba, amma ranar ta ƙara masa nama a abinci.

A kwana na tara, ranar Alhamis, ta wanke rigunan Lauya. Shi Lauya shekara talatin yana kawo kaya shagon, farare shida kowane mako, da 'yan kwalayen nan masu tauri da ake ɗaurawa a wuya in za a shiga kotu. Tsoho ne mai ƙarancin magana, ba ya yabo, ba ya ciniki, in ya karɓi kaya sai ya ɗaga riga ɗaya ya duba ta a haske, ya gyaɗa kai ya tafi. Wannan gyaɗa kan Sitaci ya fi so da duk wata godiya. Ya ce zai zo da kansa ranar Asabar, yana da babbar shari'a ranar Litinin.

Maman Nas ta shanya rigunan, ta ɗauki jaka ta tafi kasuwa neman laima da takalma. Da rana ta ɗaga suka fara bushewa, sai Sitaci ya ga abin da ya faru. Bula ta yi yawa a ruwan ɗauraya, kuma ba ta narke sosai ba. Kowace riga ta yi zane-zanen shuɗi a ƙirji da hannu.

Ya zauna ya kawar da kai. Ya ƙirga motocin da ke wucewa. Ya tashi ya zagaya bayan shago ya dawo. Rigunan suna nan suna kallon sa.

Ba wai ya manta da maganar ma'aikaciyar ba ne. Ya shiga kantin magani ya sayi safar hannu ta roba, ya sa biyu a kowane hannu, ya ɗaure bakinsu tamau. Ya sake jiƙa rigunan, ya ɗauraye su sau uku, ko ɗigon ruwa bai taɓa fatarsa ba. Ya ba su sitaci, ya shanya, suka fito fari tas. Da suka sha iska ya hura gawayi, ya cika dutse, ya naɗe mariƙin da tsumma mai kauri. Robar ta fara danƙo da zafi, sai ya cire ta, tunda an gama da ruwa. Ya shimfiɗa riga ta farko a tebur. Rabon da ya ji daɗin ransa haka tun ranar da suka je ofishin.

Duk mai guga da gawayi yana da hanyar sanin ko dutse ya yi. Ba a tambaya, ba a tunani. Ana lasar yatsu biyu a taɓa ƙasan dutsen, in ya yi ƙara mai kaifi ya yi, in ya yi ƙara mai nauyi a ƙara fifita. Sitaci ya yi haka sau ɗari a rana shekara arba'in da shida, fatar wurin ta zama kamar ƙirgi, ba ta jin komai. Hannunsa ya tafi baki, ya tafi ƙasan dutse, kafin hankalinsa ya iso.

Fatar da ta kwana tara a cikin mai ba waccan ba ce. Ya ajiye dutsen a kan mazauninsa a hankali, ya tsaya yana kallon manuniyarsa da ta tsakiya. Suka yi fari, suka yi ja, sannan suka fara tasowa.

Maman Nas ta dawo da laima biyu a hammata ta same shi a kan benci, hannun dama a cikin kofin ruwan sanyi. Ta dubi igiya, ta dubi tebur, ta dubi garwashin da ke ci a dutse. Ta ajiye laimomin.

"Fito da shi in gani."

Ya fito da shi. Ƙuraje biyu cike da ruwa, daidai inda layukan suka fara fitowa.

"Da roba na yi wankin," in ji shi. "Wallahi ruwa bai taɓa ni ba."

"Na gode Allah da ruwa bai taɓa ka ba." Muryarta ba ta tashi ba. "'Yarka za a yanka ranar ashirin ga wata. Lauya kuma zai shiga kotu da farar riga. Kowa ya samu nasa."

Ta shiga ciki ta ɗauki dutsen ta goge rigunan shida da kanta, shi kuwa bai ce mata ko kalma ɗaya ta taga ba.

Da safe Nas ta kira. Ya so ya ɓoye, uwar ta karɓe wayar ta nuna mata yatsun. Nas ta duba da idon ma'aikaciyar jinya, ta ce kar a fasa, kar a shafa komai sai abin da za ta rubuto, a rufe da bandeji mai tsabta. Ta faɗi duk wannan a jere kamar tana magana da baƙon majiyyaci. Sannan ta ce, "Ba komai, Baba. In bai yiwu ba Mama ta zo," ta ce ana kiran ta, ta kashe. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

Kwana huɗu suka rage. Ya daina aron gilashin mai agogo, domin hannun hagu da yake dubawa bai ga abin da zai kwantar masa da rai ba. Abinci ya daina shiga. Maman Nas tana shirya akwatinta a ɗaki, nasa yana gefe a buɗe, da riguna uku na auduga da laima a sama, ba ta ƙara komai a ciki ba, ba ta kuma cire ba. Lauya ya zo ranar Asabar, ya ɗaga riga ya duba a haske ya daɗe, ya dubi bandejin, ya biya ya tafi bai gyaɗa kai ba.

Ranar Talata suka koma. Ma'aikaciyar ta gane shi tun daga nesa. Da ta ga bandeji sai ta cire tabarau ta murza ido.

"Baba, me muka yi da kai?"

"Ƙaddara ce, 'yata."

"Dutsen guga ne," in ji Maman Nas daga baya.

Aka bar yatsu biyun da suka ƙone. Babban yatsan dama, ja. Na kusa da ƙarami, ja. Ƙaramin, ja, aka sake, ja. Hannun dama ya tashi ba ko ɗaya. Sitaci ya ji gumi yana bin bayansa. Mutanen da ke kan kujeru suna kallo.

Ya ɗora ƙaramin yatsan hagu. Na'urar ta yi jim, ta yi kore. Na kusa da shi, kore. Na tsakiya ya ƙi sau biyu, a na uku ya shiga. Manuniya ta ƙi sam, sau biyar.

"Uku," in ji ma'aikaciyar. "Saura babban yatsa."

Ya ɗora, ja. Ya danna da ƙarfi har gilashin ya yi ƙara, ja.

"Kar ka danna, ba riga ba ce. Fatar ta bushe da yawa. Shafa shi a goshinka."

Goshin kuwa a jiƙe yake sharkaf. Ya shafa, ya ɗora, ja. Ta riƙe masa yatsan da hannunta, ta mirgina shi a hankali daga gefe zuwa gefe. Wani daga layi ya ce a taimaka a sallami Baba, mutane na da wurin zuwa. Ba ta ko ɗago ba. Sau shida ana yi. A na bakwai fitilar ta tsaya ba ja ba kore, har Sitaci ya rufe ido.

"Shi ke nan," in ji ta. "Huɗu. Ka dawo bayan kwana goma ka karɓa."

Ya buɗe ido ya ga fitilar ta yi kore. Maman Nas ce ta yi ta sa wa ma'aikaciyar albarka, ita da iyayenta. Sun juya za su tafi ke nan ta sake kiran sa.

"Baba, ka ji. In kun sauka a can, akwai irin wannan na'urar a filin jirginsu, kuma ba lalle ka samu mai haƙuri irina ba. Yatsun nan huɗu su za ta nema. Ka riƙe su yadda suke."

Da suka iso layin, Sitaci bai zauna a benci ba. Ya sa Maman Nas ta ɗaure kayan mutane da ke shagon, wankakku da marasa wanki, kowane ƙulli da sunan mai shi, aka ajiye a kantin magani don su zo su ɗauka. Ya faɗa wa mai agogo cewa in Lauya ya zo, a nuna masa shagon da ke bayan tashar mota.

"Wancan da kake ce wa mai kashe kwala?"

"Shi."

"In ya ji daɗin can ya ƙi dawowa fa?"

"To ya zauna."

Ya zubar da tokar dutsen da ƙafa, ya kife bahunan, ya kwance igiyoyin da hannun hagu, sai ya tuna, ya bari Maman Nas ta ƙarasa. Da ta datse kwaɗon ƙofa ta miƙo masa makulli kamar yadda aka saba. Ya mai da hannayensa baya.

"Riƙe a wurinki. Ko na roƙe ki kar ki ba ni."

"Kwana ashirin da uku fa suka rage, Malam. Me za ka yi da kanka?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Mu je gida ki sa mini safar."